Littafi 11 A Wata 11: Abin Da Na Gano A Cikin Littattafan Da Nake Hana 'Yata Karantawa

   

A wannan wata ba girki na zo miki da shi ba. Labarin wani alƙawari ne da na ɗaukar wa kaina, na shekara ina fama da shi, har Allah ya nufa na cika shi a ƙarshen watan Zulhajji na shekarar 1446, wato Yunin 2025. Alƙawarin kuwa shi ne in karanta littafin hikaya guda 11 a cikin wata 11. Na san za ki ce, malama guda mai koyar da Ahalari da Arba'una Hadisi, me ya kai ta ga littattafan soyayya? Ki biyo ni a hankali, domin ina kyautata zaton abin da ya faru a ɗakina yana faruwa a naki, ko kin sani ko ba ki sani ba.

Daren da aka ƙure ni

Ana saura 'yan kwanaki shekarar 1446 ta kama, na farka wajen ƙarfe 2 na dare zan ba ƙaramin yarona ruwa, sai na laluba ban ji wayata a inda na ajiye ta ba. Da na leƙa ɗakin yara sai na ga haske yana fitowa ta ƙarƙashin mayafi. Babbar 'yata ce, mai shekara 14, ta duƙufa tana karatu, ko motsina ba ta ji ba. Kin dai san yadda muke da 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, balle doguwar hira. Amma a daren nan kunya ta gudu. Na fizge wayar na duba, ashe wani dogon labari ne wata ƙawarta ke turo mata ta WhatsApp, tana karantawa tana gogewa.

Na yi faɗa har maigida ya farka ya ce in bari gari ya waye. Da safe bayan ta gaishe ni, sai ta ci gaba da durƙuso, kanta a ƙasa tana hawaye, ta ce, "Umma ki yi haƙuri, na yi laifi da na ɗauki wayarki ba izini, ba zan ƙara ba. Amma wallahi Umma wannan babu abin banza a ciki. Da za ki duba ko shafi biyu ne." Na ce mata ni ba na karanta shirme. Ta yi shiru, ta tashi ta ɗauki tsintsiya.

A makon nan kuma sai ga shi darasin ajin matan aure ya faɗo a kan ayar Suratul Hujurat da ta umarce mu da yin bincike idan an zo mana da labari, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani. Ina cikin bayani sai maganar yarinyar nan ta dawo mini. Shekara nawa ina tsayawa a gaban ɗalibai ina cewa littattafan Hausa duk guba ne? In da wata za ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kawo sunan guda biyar da kika karanta daga farko har ƙarshe," da na ji kunya. Na yanke hukunci ne a kan abin da na ji ana faɗa.

Rigimar ba yau ta fara ba

Ni ma ba haka kawai na tsane su ba. Muna 'yan sakandare a shekarar 2007 muka ji a rediyo cewa hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta tara littattafan hikaya da aka samu a hannun 'yan mata 'yan makaranta an cinna musu wuta. Tun daga ranar na yi musu kuɗin goro. Tun kafin nan ma, a shekarun 1990, manyan masana sun yi ta kai ruwa rana a jaridu. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa sunan "Adabin Kasuwar Kano", yana sukar ingancinsu, Abdalla Uba Adamu kuma yana ganin madubi ne na abin da ke damun matasa, kuma sun sa dubban mata karatu da harshensu.

To 'yar'uwa, an ƙone takarda amma labari bai ƙone ba, cikin waya ya koma. A da, uwa tana iya ɗaga katifa ta tsinci littafi ta ga hoton bangonsa. Yau kuwa labari mai shafi ɗaruruwa yana cikin wayar da kike kira da ita, ba ki sani ba. Shi ya sa na ce wa kaina, tunda ba zan iya tsare kowace ƙofa ba, bari in shiga ɗakin in ga abin da ke ciki.

Sharuɗɗan da na gindaya wa kaina

Na farko, littafi ɗaya a kowane wata, daga Muharram zuwa Zulhajji, ban da Ramadan, domin shi na Alƙur'ani ne kaɗai. Na biyu, ba zan buɗe hikaya ba sai na karanta izifina na ranar, na kuma sallami haƙƙin maigida da na yara. Lokacin da na samu shi ne minti 30 bayan na sauke tukunyar rana, kafin la'asar in wuce makaranta. Na uku, ba zan karanta na sata ba. Wanda ake sayarwa zan saya ko in ara a hannun wadda ta saya, domin gumin marubuci haƙƙi ne kamar gumin mai ƙosai.

Na huɗu, na sayi littafin rubutu mai 40, duk wanda na gama sai in amsa tambaya uku: Wa aka zalunta a labarin, kuma marubucin bayan wa ya goya? Mugun aiki ya ƙare da daɗi ne ko da nadama? Zan iya karanta shi da ƙarfi 'yata tana zaune?

Samun littattafan ma sai da aka sha aiki, don masu sayar da su sun ragu ƙwarai. Wasu maigida ya nemo mini a kasuwar Sabon Gari idan ya shiga Kano, wasu kuma yayata da ke aure a Kazaure ta zaƙulo daga ƙasan akwatin ƙarfenta, duk sun yi ja, suna ƙamshin turaren wuta.

Uku na farko, lokacin damina

Da gangan na fara da wanda na fi jin ana zagi, wato In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Labarin Sumayya ne 'yar masu hali da ta ce Muhammad ɗan talakawa take so, manyanta kuma suka karkata ga Abdulƙadir mai dukiya. Da aka matsa mata sai ta faɗa rijiya. Wannan wuri kam ban yarda da shi ba, kuma na rubuta haka a littafina. Yunƙurin kashe kai babban zunubi ne, bai kamata yarinya ta ɗauka hanya ce ta samun abin da take so ba. Amma da na ajiye littafin sai na tambayi kaina, wa ya kai ta bakin rijiyar? Ai a cikin Bukhari muka karanta cewa Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa'u bint Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba. Ko malamanmu na Malikiyya da suka ba uba ikon aurar da budurwa, ba su ba shi ikon cutar da ita ba. Ashe shekara da shekaru ina jin haushin rijiyar, ban taɓa jin haushin kwaɗayin da ya tura yarinyar ba.

A Safar na ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Marubuciyar ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce, kuma ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, sai daga baya ta nemi ilimi a ajin manya. Shi ya sa in kina karanta labarin Abu za ki ji kamar da hawaye aka rubuta shi. An cire Abu daga makaranta, saurayin da aka tsara za ta aura ya dawo ya ce ba zai auri jahila ba, aka ɗauke ta aka ba Sarkin Noma, sa'an mahaifinta. Ta gudu birni, ta koma karatu, rayuwarta ta sake.

Da na gama, ban ce wa 'yata komai ba, na dai ɗora littafin a kan katifarta. Bayan kwana uku muna tsinkar zogale a tsakar gida, sai ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Umma, wai da gaske ana yin irin abin da aka yi wa Abu?" Na ce ana yi, na ba ta labarin wata gwaggona. Ita kuma ta gaya mini akwai wata ƙawarta da ake shirin cirewa daga makaranta a aurar, kullum sai ta yi kuka a bayan aji. Wallahi 'yar'uwa, tun da na haife ta ba mu taɓa hira mai tsawon wannan ba. Daga baya na je na sami mahaifiyar yarinyar muka yi magana ta fahimta. Mahaifin bai ba da amsa a ranar ba, amma dai yarinyar ta ƙarasa wannan shekarar a aji. Na ce musu, tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Fasaha a nan Babura. Ai abin takaici ne a ce jami'a ta zo har ƙofar gida, 'ya'yanmu mata kuma ko sakandare ba sa gamawa.

Na uku shi ma na Hajiya Balaraba ne, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, amma yana ƙuntata wa matarsa Rabi da 'ya'yansu tara. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, ya kori Rabi da yaran. Rabi ta kama sayar da abinci ta riƙe 'ya'yanta, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuwa gobara ta cinye dukiyarsa, wadda ya fifita kuma ta juya masa baya. Ina karantawa ina ƙirga irin su Rabi a unguwarmu: mai awara, mai ƙuli-ƙuli, mai ɓarar zoɓo a biya ta da kwano, duk suna ɗauke da nauyin da shari'a ta ɗora a wuyan namiji, na ci da sha da sutura da wurin kwana. Ƙarshen littafin ya dame ni, domin maza sun taru sun matsa wa Rabi ta koma gidan wanda ya wulaƙanta ta. Na yi kwanaki ina tunanin ko haƙuri ne wannan, ko kuwa an sake danne ta ne. Har yau ban gama yanke hukunci ba, kuma ina ganin marubuciyar da gangan ta bar mu da wannan ƙaiƙayi.

Maigida ya ga na damu, ya ɗauki littafin ya karanta a dare biyu. Da ya gama abin da ya ce kawai shi ne, "Wannan Alhaji Abdun na san irinsa uku." Kin kuwa san an fassara littafin nan zuwa Turanci? Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ne ya fassara, aka buga a ƙasar Indiya a 2012. Mutanen wata nahiya suna karanta labarin Rabi, ni da nake kusa da Kano ina ta tsine masa ban buɗe ba.

Kwanakin duhu da littattafan kakanni

A ƙarshen Oktoban 2024, cikin Rabi'us Sani, za ki tuna yadda yawancin Arewa ta shafe kwanaki babu wutar lantarki. Mu da ma ba wadatarta muka saba da ita ba, amma wannan karon ko ƙyaftawa babu, wurin masu cajin waya kuwa sai layi. Waya ta mutu, talabijin ya mutu, yara suka rasa abin yi bayan isha'i. Sai na kunna 'yar fitilar sola, na shimfiɗa tabarma, na buɗe Ruwan Bagaja na fara karanta musu da ƙarfi.

Shi wannan littafi yana cikin waɗanda suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934. Abubakar Imam ya rubuta shi yana saurayi ɗan shekara 20 da 'yan kai, kafin ya rubuta Magana Jari Ce, kafin kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kafin dare na uku yaran maƙwabta sun cika tabarmar, har da kishiyoyi biyu na gidan da ke jikin namu. Duk sanda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi wa juna tsiya sai tsakar gida ta kaure da dariya. Amma a nan na gane wani abu: tsufan littafi ba shi ke mai da shi wa'azi ba. Alhaji Imam yana ƙarya, yana damfara, yana cin dukiyar mutane da wayo. Don haka duk inda muka tsaya sai in tambayi yaran, "Wannan abin da ya yi halal ne ko haram?" Su yi ta gardama. Darasin da ban iya cusa musu da bulala a aji ba, sai ga shi suna ciro shi da kansu.

Na bi shi da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Shi ma daga waccan gasa ya fito. Uwargida, in kin haihu, ki tanadi gefen mayafi kafin ki karanta shi. An raba Umar da mahaifiyarsa yana ƙarami a zamanin cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa ya ba shi ilimi har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta bar gida ta bi sawunsa, aka kama ta aka bautar a ƙetaren Sahara, ba ta sake ganinsa ba sai da ƙarfinta ya ƙare, kuma ba ta daɗe ba bayan haɗuwarsu ta rasu. Kowa Shaihun yake yabo, ni kuwa uwar ce ta tsaya mini a rai. Mu da muke zaune a bakin iyakar Nijar, muna ganin masu bin hanyar Agadas zuwa Libiya neman kuɗi, mun san hamadar nan har yau ba ta daina raba uwa da ɗa ba.

A Jimada Sani, cikin sanyin hunturu, na karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Malam Shehu mai dukiya ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu, Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, sharrin kuma ya sauka a kan yaron da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Na kai labarin ajin matan aure, domin wadda ke zuwa wurin boka don ta rama abin da kishiya ta yi mata, sau da yawa a kan 'ya'ya abin yake ƙarewa.

Waɗanda na wuce da sauri

A Rajab na karanta So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980, ake kuma ɗaukarsa hikayar farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin Boɗaɗo ne, Bafulatanar da ta tsaya a kan auren wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Gajere ne, kuma ya tuna mini cewa wariyar ƙabila a aure al'ada ce, ba addini ba.

Sha'aban ya zo da jarrabawar ɗalibai da shirin azumi, da ƙyar na gama Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ana gobe za a fara duban wata. Yana magana ne a kan saurayin da ya raina ƙauye ya tafi birni ya faɗa hannun miyagun abokai. Duk mai ɗa namiji da ya fara zancen tafiya Legas ko Abuja, ta nema masa shi.

Bayan ƙaramar salla na ɗauki Ki Yarda Da Ni na Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, a kan zaman aure da kishi. Na ji daɗin yadda take nuna mace mai ilimi da addini da tsabta da iya magana. Abin da zan ce kawai, kada ki auna gidanki da gidajen cikin irin waɗannan littattafai. Mijinki mai noman riɗi da gero ne ko malamin firamare, in kika fara kwatanta shi da Alhajin cikin takarda, ke za ki hana kanki barci.

Na cikin waya

Da na shiga Zulƙi'ida sai na ce lokaci ya yi da zan leƙa inda 'ya'yanmu suke. Na tura Naira 500 aka sa ni a wani zauren WhatsApp da ake sakin labari kullum, an rubuta a samansa wai na matan aure ne kawai. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban kai rabi ba na fita, na goge, na yi istigfari. Sirrin shimfiɗa ne ake zayyanawa filla-filla, abin da ko tsakanin aminai shari'a ta hana a faɗa. Kuma wa ya tantance cewa masu karantawa matan aure ne? Ni dai ba wanda ya tambaye ni shekaruna, kuɗin kawai aka karɓa. Marubuciyar ta ɓuya a bayan sunan aro, ba mai dubawa, ba mai gyarawa. Hausar ma abin tausayi, rabi Turanci, kalmomi a haɗe, ba aya ba waƙafi. Yaron da ya saba da wannan rubutu zai sha wuya a jarrabawar Hausa.

Ban ƙirga shi ba. Ke nan ya zama dole in karanta biyu a Zulhajji, ga aikin layya, ga suyar nama, ga baƙi. Na kusa sarewa. Amma wata ɗalibata ta nuna mini labarin wata matashiyar marubuciya, na saya, a kan matar da mijinta ya rasu danginsa suka danne gadon marayu. Tsaf yake, ba batsa, ta kuma yi bincike a kan rabon gado. Sai na tuna tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata, inda Aisha Muhammad Sabitu ta zo ta ɗaya da labarinta Sansani, a kan 'yan gudun hijira. Ashe a cikin wayar ma akwai tsakuwa akwai shinkafa.

Na 11 kuwa, kin san wanne ne? Wanda na ƙwace a daren nan. Na sa 'yata ta nemo mini lambar marubuciyar na biya. Na gama shi ana saura kwana biyu shekara ta ƙare. Da safe na kira ta na ce, "Zauna. Kin yi gaskiya a abu ɗaya, babu batsa a ciki. Ni ma ina da gaskiya a abu biyu." Na nuna mata yadda kowa a labarin yake da jirgin sama da gida a Dubai, kamar talaka ba ya soyayya. Na kuma nuna mata yadda jarumin yake wulaƙanta matarsa, yana mari yana zagi, ita kuma tana ƙara mutuwa a kansa, wai miskilanci ne. Na ce mata, "Duk namijin da ya fara da raina ki, ba so ba ne, ko da a littafi an ce ya shiryu a shafi na ƙarshe." Ta yi shiru, can ta ce, "Umma ni ban lura da wannan ba." Na ce ni ma da ban karanta ba, da ban san abin da zan nuna miki ba.

Shawarata gare ki

1. Ki fara da kaɗan. Ko littafi 4 ne a shekara, ko shafi 5 a rana. Wadda ba ta iya karatun boko sosai ba, ta sa 'yarta ta karanta mata da ƙarfi suna aikin gida. Riba biyu ke nan, ta ji abin da ke ciki, yarinya kuma bakinta ya faɗa.

2. Alƙur'ani da azkar su ne gaba. Duk labarin da ya sa kika makara sallar asuba ko tuwo ya ƙone, ya zama fitina ko da mai tsabta ne.

3. Abin da ba za ki iya karantawa da ƙarfi a gaban 'yarki ba, ke ma bai dace da ke ba. Aure ba ya halatta karanta batsa.

4. Waya ta kwana a ɗakinki. Amma in kin hana, ki ba da madadi. Yarinya mai son karatu ni'ima ce, kada ki kashe mata shi da duka.

5. Kada ki tura wa ƙawaye labarin da ake sayarwa. Haƙƙi ne, za a tambaye ki.

6. Kunyar ɗan fari al'adarmu ce mai kyau, amma kada ta zama katangar da za ta sa 'yarki ta kai tambayarta wurin ƙawa ko waya. In bakinki ya yi nauyi, littafi yana iya buɗe miki zancen, kamar yadda ya buɗe mini.

Kada kuma wani ya ce miki karatu da rubutu ba na mace ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru. Gadonmu ne.

Da sabuwar shekara ta kama, mu shida a ajin matan aure muka fara abin da muka sa wa suna adashen littafi. Kowace ta sayi ɗaya, a riƙa zagayawa da shi wata-wata, ranar Alhamis ta ƙarshen wata kuma mu zauna mu tattauna bayan darasi. Mun sa littattafan tarihin Annabi (SAW) da na matan sahabbai a ciki. Littafin rubutuna mai 40 kuwa ya cika, na sayi sabo. 'Yata ce ke rubuta amsar tambayoyin uku a shafin hagu, ni a na dama, kuma ba kullum amsarmu ke zuwa ɗaya ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare idanunmu da zukatanmu daga abin da ba ya so. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.